Lofen da Aka Goge

Yanzu in la'asar ta yi sanyi a garinmu, ƙarar babura ce take fara cika kunne, sai injin niƙan bakin masallaci, sai wayoyin samari, kowacce da abin da take faɗa. Ina zaune a zaure ina jin su duka, amma babu wadda take shiga raina. A da muryar la'asar daban ce. Luguden mata ne ke tashi daga gida zuwa gida, wannan turmi ya kira wancan ya amsa, jakuna na dawowa daga kai taki da mangala a wofi, guga na bugun bakin rijiya, tsofaffi na gyaran murya a gindin ɗorawa. Gonakinmu ko a lokacin ba su da wani faɗi, don in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka zai amsa maka daga tasa, amma dai akwai inda ido zai miƙe ya huta. Yau an raba an sake rabawa, gado bayan gado, har wata gonar jaki ba zai juya a cikinta da kaya ba. Ba kuka nake yi ba. Na kai shekarun da abu yake wucewa in bi shi da ido kawai.

Mu samarin wancan lokaci, abin da ke sa mu hanzarin aikin yamma guda ɗaya ne. A yanko wa awaki ciyawa, a shayar da jaki a ɗaure shi a turke, a wanke ƙafa sama-sama, sai zauren Mai Unguwa. A nan akwatin talbijin ɗin garin yake, ɗaya tal, na ƙungiyar manoma, mai hoto fari da baƙi, an ɗora shi a kan tebur an lulluɓe da tsohon zane. Eriyarsa na can saman wata doguwar gora, in iska ta kaɗa sai hoton ya koma yayyafi, a tura wani ya je ya murɗa ana yi masa ihu daga ciki. Babu lantarki, da batirin mota yake aiki, in kuwa batirin ya mutu sai an ɗaure shi a bayan keke an kai shi caji Ɗambatta. Wanda ya taɓa tuƙa keke a rairayin hanyar nan da batir a baya ya san abin da nake faɗa. Saboda wannan wahalar ne manya suka zauna suka yanke cewa murya ce ke shan batir, hoto ba ya cin komai. Ban san wanda ya fara kawo wannan ilimi ba, amma kowa ya karɓa hannu biyu. Mai Unguwa ya kafa doka, a buɗe murya lokacin labarai da lokacin wa'azi, in an zo kan 'yan zanen yara kuwa a murɗe ta gaba ɗaya, tunda ma Turanci ne, ba mai ji. Mahaifinmu yakan ce ba za a ƙona wutar jama'a don a ji abin da bunsuru ya ce ba. Sai bayan gemuna ya yi fari wani mai gyaran rediyo a Makoda ya gaya mini ai hoton ne ke shan wutar, ta muryar ba ta taka kara ta karya ba. Na ce masa to.

Bunsurun da mahaifinmu yake nufi shi ne babba a cikin 'yan zanen, abin da yaran yanzu ke kira katun. Wani tsohon bunsuru ne mai tafiya da ƙafa biyu, da 'yar falmaran da hular da ta yi masa kaɗan, yana gadin lambu, wasu birai biyu kuma kullum suna yi masa ɓarna. Ba mu san sunan da masu shi suka sa masa ba, mu dai Mai Gemu muke ce masa. Ba ya rabuwa da lofe, irin tukunyar tabar nan mai dogon wuya. To tunda an hana su murya, sai aka samu wanda ya ara musu tasa, shi ne yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi boko ba, ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba. A gona ma ba wani gwani ba ne, in ana huɗa kunyoyinsa sai su yi ta karkacewa, mahaifinmu ya yi faɗa har ya gaji ya zuba masa ido. Amma in ya durƙusa a gefen akwatin nan, ta hagu, ya karkata kai yana kallon hoton ta wutsiyar ido, sai ya zama mutum uku. Ya yi muryar Mai Gemu irin ta tsohon da haƙoransa suka zube, ya yi ta biran, ɗaya mai in'ina ɗaya mai saurin baki. Kuma ba labarin Turawa yake ba mu ba. A bakinsa lambun nan na fadamar garinmu ne, biran 'ya'yan wane ne da wane, kowa ya gane su har iyayensu. Mai Gemu kuwa yau ya zama mai awon da ke danne mudu da babban yatsa, gobe ya zama tsohon da ke zuwa zance da rini a gemu.

Tashar ba ta da su da yawa. 'Yan kaɗan ne take juyawa, in sun ƙare a koma farko, har muka haddace jerinsu. In aka nuna wanda ƙudan zuma suka bi Mai Gemu har cikin rijiya, to washegari na lofe ne, kuma ranar na lofe ba a samun wurin zama. Labarin ba wani abu ba ne. Tsohon ya kori birai, ya zauna a kan kututture zai huta, ya ciro lofe daga aljihu ya cusa taba. Ya ƙyasta ashana iska ta kashe, ya sake ta kashe, ya juya mata baya, ya kare da hula, ya yi ta fama. Daga ƙarshe ta kama, ya ja da ƙarfi, hayaƙin ya shaƙe shi ya fito ta kunnuwa, gemu ya kama wuta, ya ruga ya tsoma shi a bokiti. Wurin yana da ɗan tsawo, kuma a nan yayana yake zuba abinsa. Tsakanin ashana da ashana akwai maganar da yake sa wa tsohon a baki, sannan ya rufe da tari, wani tari mai hawa-hawa da ke ƙarewa da siririn fito. Na ga mai tallan ƙuli-ƙuli ta saki farantinta. Na ga Liman, wanda ya ce wucewa kawai yake yi, ya toshe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Mahaifinmu da kansa, mai cewa aikin banza ne, yakan juya fuska bango ya daɗe bai juyo ba.

Yayana shi ma yana shan taba, a ɓoye, a bayan rumbu. Har ya yi aure bai taɓa yarda mahaifinmu ya gani ba, mahaifinmu kuma bai taɓa nuna ya sani ba. A daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi ya fara tari. Aka ce sanyi ne, aka dafa masa sassaƙe, aka ba shi zuma da citta. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, fartanya ta yi masa nauyi, amma la'asar ba ta wuce shi. Ranar da na lofe ya sake zagayowa ya yi maganarsa, ya zo kan tarin, ya fara, sai abin ya ƙi tsayawa. Hoton ya wuce, Mai Gemu ya riga ya tsoma gemu a bokiti, birai sun dawo, yayana na nan dafe da ƙasa yana yi. Zauren ya kusa tsagewa. Kowa na cewa na yau ya fi na kullum. Ni ma na yi dariyar har da riƙe ciki, ina dab da shi. Babu wanda ya gane a cikinmu, shi ma da ya ɗago, ido jajir, murmushi ya yi ya karɓi yabonsa. Kafin a gama ɗaurin dawa muka kai shi makwancinsa. Matarsa na da ciki a lokacin, ta haihu da bazara, mace, aka sa mata sunan mahaifiyarmu, shi ya sa muke ce mata Ummi. Akwatin ya ci gaba da aiki bayansa. Wasu suka gwada zama a gurbinsa abin bai yi ba, yara suka riƙa kallon bakin bunsuru yana motsi shiru, a hankali aka daina zuwa.

Ummi a hannuna ta tashi bayan uwarta ta yi wani auren. Ba ta da komai na ubanta. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, rigunansa an yi sadaka da su. Abin da ta gada shi ne duk inda ta shiga a garin nan sai wani tsoho ya dube ta ya fara dariya, ya ce ai 'yar mai tarin lofe ce. Tana ƙarama takan taya su dariyar. Da ta yi wayo sai ta fara tambaya, to me yake cewa? A nan ake tsayawa. Wani ya ce iska yake roƙo, wani ya ce a'a, matarsa yake yi wa faɗa a kan ashana, wani ya rantse sunan wani mai shago yake kamawa. Kowa ya tuna inda ya zauna, ya tuna wanda ya faɗo daga benci, amma kalma ɗaya babu wanda ya riƙe. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya da shi ma haka. Abin yana nan a bakin harshena, ina jin inda muryar ke hawa da inda take sauka, amma in na buɗe baki babu komai. Sai na riƙa ce mata hoton ne babu, in na ga tsohon nan ya ƙyasta ashana maganar za ta zo da kanta, yadda in ka taka tsohuwar gona ƙafarka ke tuna iyaka, kuma ranar zan yi mata shi kamar yadda ubanta ke yi. Na faɗa mata haka tana 'yar firamare, na faɗa ranar da za a kai ta ɗakin miji, na sake faɗa bayan ta zama ma'aikaciyar jinya a Ɗambatta. Na yarda da abin da nake faɗa, kuma faɗarsa ba ta da wuya, tunda na ɗauka Mai Gemu ya tafi ke nan.

Sai ga shi ya dawo. Babban ɗana da ke harkar hatsi a Dawanau ya kawo mana talbijin, siriri kamar allo, da sola da farantin kama tashoshi, aka kafa a ɗakin tsakar gida saboda jikoki. Ban cika shiga ba. Na fi zama a zaure, inda ba mai damuna da tambaya a kan ɗan tarin da ya liƙe mini tun sanyin bara. Wata la'asar na leƙa neman buta, na ɗaga ido, sai na ga 'yar hular nan. Ashe wata tasha ce da ke maimaita tsofaffin katun. Na tsaya da buta a hannu. Na zaci zan ji wani abu, murna ko kuka, amma abin da na fara lura da shi shi ne falmaran ɗin ja ce, mu kuwa duk mun tafi a kan shuɗiya ce. Sannan na ji muryarsa ta ainihi, wata siririya mai sauri irin ta masu tallan magani a kasuwa, ko kusa ba ta yi kama da shi ba. Jikokin suna kallo suna danna waya, ba mai dariya. Na zauna a bakin ƙofa.

Daga ranar na riƙa zuwa kullum, na ga jerin bai canza ba. Amma akwai abubuwan da suka riƙa yi mini wani iri. Inda na san biri na sauke wa Mai Gemu sanda a ka, sai in ga ya ɗaga, sai kuma in ga tsohon a kwance da ƙullutu, tsakanin babu. Inda yake ɗauko tsohuwar bindigarsa sai hoton ya yi tsalle. Kuma yana yawan kai hannu baki, yatsu a dunƙule kamar mai riƙe da wani abu, ya tsuke leɓe, ya sauke, ni kuwa ba na ganin komai a hannun. Na ɗora laifin a kan idona. An daɗe ana ce mini yanar ido ta fara rufe na hagu, na ce lofe siririn abu ne, shi ya sa yake ɓace mini. Ban tambayi kowa ba. Ranar da ƙudan zuma suka bi Mai Gemu rijiya na sa aka kira mini Ummi a waya, na ce ta zo gobe kafin la'asar, alkawarin nan ya tashi.

Ta zo a kan acaba, ko kayan aiki ba ta cire ba, hijabi kawai ta ɗora. Ta gaida matan gida a tsaitsaye. Na kori jikoki, na sa ta kashe muryar, na jawo tabarma na durƙusa a gefen talbijin ɗin, ta hagu, na karkata kai. Gwiwoyina suka yi ƙara. Ita ta zauna a ƙasa ta harɗe hannu a cinya kamar 'yar makaranta, mace mai 'ya'ya har da wadda ta yi aure. Aka fara. Birai suka shigo lambu, ban ce komai ba, ba nasu na zo yi ba. Mai Gemu ya kore su, ya nufi kututture. Na ji wani abu ya motsa a maƙogwarona, wallahi na ji, kamar kalmar farko ta taso. Mai Gemu ya zauna, ya kai hannu aljihun falmaran. Sai ga shi tsaye a bakin bokiti, gemu na ɗigar ruwa, birai na tsalle a kan katanga.

Na ci gaba da kallo da baki a buɗe, ina jiran a dawo. Aka gama, rubutu ya hau, aka sa tallan sabulu.

"Baffa, a nan ne?" in ji Ummi.

"A nan ne. Tsakanin zaman da bokitin."

Na tambaye ta ko ita ta ga lofe a hannunsa tun farko, ko idona ne. Ta ce ba idona ba ne, babu lofe, goge shi aka yi. Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda take yi wa marasa lafiya. Ta ce yanzu masu tashoshi ba sa barin yara su ga shan taba, ko duka mai tsanani, ko bindiga. Inda abin ƙarami ne sai a shafe shi a bar hannun, inda ya yi yawa sai a yanke wurin gaba ɗaya a haɗe bakin. Ta ɗauko wayarta ta yi ta nema da sunan da ta karanta a rubutun, ta samo shi a wurare da dama, kowanne daga kututture sai bokiti. Na ce su wane ne suka yanke, a ina suke. Ta ce ba ta sani ba, wasu ne a wata ƙasa, wataƙila ma sun daɗe da barin aikin.

"Kuma Baffa, da ni aka tambaya, da na ce a cire," ta ce, idonta a kan wayar. "Kullum ina ganin masu shan taba a layin asibiti, ƙirji kamar an zuba tsakuwa."

Ban yi musu ba. Ni na wanke yayana, na san abin da ya rage a jikinsa. Wanda ya goge lofen nan bai yi don ya cuce mu ba, bai ma san akwai mu ba. Na nemi haushi a raina ban samu ba, na nemi baƙin ciki shi ma bai zo ba. Abin da ya taso a maƙogwarona ya koma inda ya fito, kuma tun a lokacin na san ba zai sake tasowa ba. Na ce mata ta yi haƙuri, na sa ta baro aiki a banza.

Ta ajiye wayar. "To Baffa, bar maganar. Yi mini tarin kawai. Shi ai ba ya buƙatar hoto."

Na gyara durƙuso. Na ja numfashi yadda yake ja, na fara daga ƙasa, ina neman hawan nan nasa. Ban kai ko'ina ba abin ya ƙwace mini. Nawa tarin ne, wanda nake ɓoyewa a zaure da goro da ruwan ɗumi, ya samu ƙofa. Ya yi ta hawa ba tare da na sa shi ba, ya tuƙe ni har na dafa ƙasa da hannu biyu, idona ya kawo ruwa, a ƙarshe ya fita da wani siririn fito da ban shirya ba. Da na ɗago Ummi na kallona. Ba ta yi dariya ba.

"Ashe haka yake yi," ta ce.

"Haka yake yi."

Ta tashi ta kawo mini ruwa a kofi, ta tsaya har na shanye, tafin hannunta a shimfiɗe a bayana, ya daɗe a wurin fiye da yadda ake dafa mai shan ruwa. Muka fito, na raka ta bakin hanya inda mai babur ke jiranta a inuwar dalbejiya. Gero ya fitar da kai a lokacin, ana ta korar tsuntsaye. Ta hau, ta gyara hijabi, sannan ta juyo.

"Na gode, Baffa. Na ji shi." Ta dube ni. "Jibi ka zo asibiti da wuri. Zan sa a ɗauki hoton ƙirjinka."

Na ce to.

Na je, an ɗauka. Ban tambaye ta abin da ya nuna ba, ita ma ba ta tsawaita ba, ta ba ni magani ina sha, tana yawan zuwa yanzu. Hoton yana wurinta, ta ce ita za ta ajiye. Ba ta sake tambayata me ubanta yake cewa ba, ni ma na daina ce mata zai dawo. In la'asar ta yi nakan shiga ɗakin in zauna a bakin ƙofa, tsohon nan ya fito da jar falmaran, ya kai hannu baki babu komai a ciki, ya ja, ya sauke. Rannan ɗaya daga cikin jikokina ta tambaye ni me yake yi da hannunsa haka. Na ce mata ba komai, haka tsofaffi suke yi.